Tanti a Hanyar Fayyum

Lifta ta sake tsayawa, don haka a kafaɗa suka sauko da shi daga hawa na biyar: Malam Kamilu a gaba, Ammu Gabir mai gadin gidan a baya, buhun tantin a tsakaninsu, dogo, kore, sai ka ce makara aka ɗauko. Duk hawan da suka kai sai sandunan ƙarfen da ke ciki su yi ƙara, wata ƙofa ta buɗe, wata maƙwabciya ta leƙo. Dije, matar Kamilu, tana biye da su, kwandon abinci a hannu ɗaya, fulas ɗin shayi a ɗaya, tana gaida kowa da irin murmushin nan mai cewa ba ruwana.

"Ya bey, ranka ya daɗe," in ji Ammu Gabir yana haki, "gidan nan da gwamnatinku ta kama muku, me ya yi maka?"

"Babu abin da ya yi mini."

"To, mai ɗaki huɗu da ruwan famfo me zai yi da ɗakin ƙyalle? Ni daga ƙauye na gudo don in kwana a ƙarƙashin siminti."

"Yalla, mu je, Ammu Gabir, ɗaga ta wajenka."

Shekara goma sha takwas Malam Kamilu ya yi yana buga hatimi a fasfon mutane, huɗun ƙarshe a sashen biza na ofishin jakadancin Nijeriya a nan Alƙahira. Babu ƙasar da bai ga tambarinta ba, amma duk a takardun wasu. Nasa fasfon tambari biyu ne a ciki, na Jidda da na Masar. Baɗi kuma wa'adinsa zai cika, ya tattara ya koma gida ke nan.

Maƙwabcinsu na hawa na huɗu ne ya jawo, wani injiniya mutumin Suwidin da ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu. Wata rana suna shan shayi ya gaya wa Kamilu cewa a can, in bazararsu ta zo, rana ba ta cika faɗuwa ba, kuma mutum yana iya kafa tantinsa a bakin tafki ya kwana, ba mai tambayarsa takarda. Kamilu, wanda ya tsufa yana ce wa mutane takardarku ba ta cika ba, ya dawo gida ya kasa cin abinci. Cikin mako guda ya gama tsara komai. Za su sa motarsu Fijo a jirgin ruwa a Iskandariya, su sauka a Italiya, su miƙa arewa ta Jamus har Suwidin, su dawo kafin azumi. Hutun mako shida ne. Yara biyun suna makaranta a gida, Mardiya a Zariya, Iliya a makarantar kwana, ba mai riƙe su. Otal a waɗannan ƙasashe ya fi ƙarfin ma'aikaci irinsa, wannan bai ɓoye ba. Ko dai tanti, ko a fasa.

Tantin na injiniyan ne, sayarwa yake yi, zai kuma tashi ran Lahadi. Ya ce a gwada tantin, in ya yi a riƙe, in bai yi ba a maido masa ran Asabar. Yau Juma'a.

Mako uku Dije ta yi tana cewa a'a. Ta ce sanyi. Ta ce macizai. Ta ce ina za a yi wanka, ina za a kama ruwa. Ta ce me mutane za su ce. Da safen nan, Kamilu yana ɗaura agogo zai tafi masallaci, ya ce da ita ba tare da ya ɗaga murya ba:

"Maman Mardiya, mu yi haka. In na kafa shi yau ya tsaya, ki yi tunani. In bai tsaya ba, gobe na mayar wa Bature kayansa, mu je Iskandariya mu zauna a bakin ruwa kamar kowa. Khalas, shi ke nan. Ba za ki ƙara jin maganar a bakina ba."

Ta ce Allah ya zaɓa mafi alheri, a ranta kuwa ta riga ta taya shi zaɓe.

Suka bar unguwarsu ta Mohandessin bayan azahar, suka kutsa cikin cunkoson titin Haram, tsakanin bas-bas da mutane ke lilo a ƙofofinsu da amalanken kankana. A wajen shataletalen Giza wata farar Marsandi ta yi musu fitila ta biyo bayansu. Alhaji Sanusi ne, shugaban sashen su Kamilu, da matarsa Hajiya Zulaihatu. Jiya a ofis Kamilu ya yi ta ba da labarin tantin har bakinsa ya suɓuce ya ce a zo a gani. Haka maza suke: in za su yi abin da ba su taɓa yi ba, sai sun gayyato shaidu.

Dije ta dubi Marsandin ta madubi, ta gyara gyalenta.

A wurin matan ofis ita 'yar Kaduna ce, tsohuwar malamar makaranta, sakatariyar ƙungiyarsu, wadda ake kawo wa wasiƙa ta gyara Turancin. Duk gaskiya ne. Abin da ba su sani ba shi ne, har ta shekara tara ba ta taɓa kwana a ƙarƙashin soro ba. A ruga aka haife ta, a dajin ƙasar Bauchi, a bukkar da uwarta ke kwancewa da safe ta ɗora wa takarkari, ta sake kafawa da yamma a wani wuri. Wata shekara aka ce wa wani hakimi ya kawo 'yan mata makarantar boko. Bai ba da tasa ba, bai ba da ta liman ba. Ya aika dogari daji, aka kamo Dije. Daga baya mutane suka riƙa ce mata ta yi sa'a, kuma wataƙila ta yi. Amma masu faɗin haka ba su ne suka shekara biyu a ɗakin kwanan ɗalibai ana toshe hanci in sun wuce, ana cewa warin nono ya shigo ba. Ta wanke warin da sabulu, ta wanke Fillancin daga harshenta, ta zo ta ɗaya a aji har aka gaji. Uwarta ta rasu tana aji huɗu, sai da aka yi wata biyu labarin ya iske ta.

Kamilu ya sani. Ta gaya masa sau ɗaya, kafin a ɗaura aure, ta ce daga yau maganar ta mutu. Ya ce ta mutu. Shekara ashirin da biyu bai tono ta ba, ko da wasa, ko da faɗa.

Suka wuce dalar Fir'auna, suka hau hanyar Fayyum, gari ya ƙare kamar an yanke shi da wuƙa. Bayan tafiyar kamar minti goma Kamilu ya sauka daga kwalta, ya tsaya a wani fili mai rairayi da tsakuwa. Daga nan ana hango dala ukun nan a baya, ƙanana, cikin hazon zafi.

Hajiya Zulaihatu ta fito tana kare fuska da jaka. Mace ce mai jiki da murya, 'yar babban gida a Kano, shugabar ƙungiyar matan ofis, kuma ba muguwa ba ce, bakinta ne kawai ba ya jiran zuciyarta.

"Maman Mardiya, sannu da haƙuri," ta ce. "Wallahi ke ce mace. Ni Alhaji ya ce mini in kwana a daji, ai a ranar zai ga takardar jirgina."

"Sha'awarsa ce, Hajiya."

"Wace irin sha'awa? Allah ya fitar da mutum daga bukka, ya je ya sayo ta da kansa? Sai ka ce Fulanin daji! Saura ku sayi saniya ku ɗaura a bayan Fijo."

Ta yi dariya, Dije ma ta yi. Ta daɗe da iya wannan dariyar. Suka shimfiɗa darduma a inuwar Marsandi, suka zauna kallo.

Mazan suka yi la'asar, sannan suka zazzage buhun. Ƙyalle mai kauri ya fito, sanduna bakwai masu shiga cikin juna, igiyoyi a harɗe, da jakar turaku, 'yan sirara, na ƙarfe, kowanne bai wuce tsawon cokali ba. Akwai takardar bayani, da harshen Suwidin. Alhaji Sanusi ya sa tabarau ya karɓa, ya dube ta a miƙe, ya juya ta.

"Ai hoton ya isa," ya ce. "Ka ga mutumin nan yana murmushi. Abu ne mai sauƙi."

"Bature ya ce minti goma ne, ranka ya daɗe."

Kamilu ya juya ƙofar tantin wajen dalar, don in an ɗauki hoto daga ciki su fito. Wato arewa. A wannan lokaci na shekara kuwa, da la'asar ta yi, iska ke tasowa daga teku ta ratso gari ta fito hamada ba abin da ya tare ta. Dije ta ji ta a ƙeyarta tun kafin ta zauna. Ta zuba wa Hajiya shayi.

Suka haɗa sandunan, suka rufa ƙyallen, suka ɗaga. Tantin ya miƙe, ya yi kyau na ɗan lokaci. Sai iska ta shiga ta ƙofa ta cika shi ya kumbura, turakun gaba suka fito daga rairayi ɗaya bayan ɗaya ba ko gardama, abin ya tashi ya kifa a kan Alhaji Sanusi.

Ya fito hularsa a hannu. "Ma'alish, ba komai," ya ce. "Amma laifinka ne, Kamilu. Musulmi zai kafa ɗaki ya ba alƙibla gefe? Juya shi gabas."

Aka juya shi gabas. Wannan karon iskar ta same shi a haƙarƙari. Ya ɗan jure, sandar tsakiya ta lanƙwashe, ya kwanta a hankali kamar raƙumin da aka ce ya durƙusa.

"Alhaji, zo ka zauna, hawan jininka!" in ji Hajiya Zulaihatu. Ta juyo ga Dije. "Kin ga ikon Allah ko? Tun a nan ya nuna muku. Kuma an ce can rana ba ta faɗuwa. To magariba fa? Sai ku yi ta zama da alwala har wata shida?"

"Ya tambayi malaman Azhar. Sun ce akwai yadda ake yi."

"Uhm. Malamai ba sa rasa yadda ake yi."

Karo na uku Alhaji Sanusi ya ce bayansa ya riƙe, ya dawo inuwa. Kamilu ya ci gaba shi kaɗai. Ya cire babbar riga ya rage daga shi sai singileti, mutum mai shekara hamsin da biyu wanda tun da ta san shi bai taɓa fita ƙofar gida ba hula ba. Ya buga turke da guduma, turken ya nutse har ya ɓace. Ya tono shi ya matsa gaba ya buga, ya ja igiya, turken ya biyo igiyar. Ya danne wannan kusurwa da gwiwa, waccan ta tashi. Gumi ya jiƙe masa baya, rairayi ya manne a kai. Ba ya tsaki, ba ya zagi. Yana dai komawa ga takardar nan ya dubi mutumin da ke murmushi.

Dije tana kallo, hannayenta a cinya, ɗaya ta danne ɗaya. Tana ganin kowane kuskure tun kafin ya yi shi. Rairayin sama ba ya riƙe komai, wannan yarinya 'yar shekara shida ta sani. Ba a ɗaga ɗaki kafin a ɗaure ƙafafunsa. Ba a... Ta kawar da kai. Saura kaɗan ne. Rana ta fara ja, in tantin ya ƙara faɗuwa sau ɗaya ko biyu zai haƙura, gobe a mayar, a wuce wurin.

Sai ta lura da wani abu. Tun da suka iso, Kamilu ya dubi Alhaji, ya dubi takarda, ya dubi sama, ya dubi Hajiya ma lokacin da ta yi masa ba'a. Bai dube ta ba. In zai ɗauko guduma daga wajen dardumar, sai ya kewayo ta bayan mota. In ya ɗago kai ya ga fuskarsa za ta faɗo wajenta, sai ya sunkuyar. Da farko ta ɗauka kunya ce. Ba kunya ba ce. Ya san wadda ke zaune a nan. Ya san in ya dube ta sau ɗaya, duban zai zama roƙo, a gaban Hajiya Zulaihatu kuwa. Ya gwammace ya mayar da tantin.

Tantin ya faɗi na uku. Kamilu ya tsaya a kansa hannu a ƙugu. Ya daɗe. Sannan ya sunkuya ya fara zare sandunan daga juna, yana jera su a kan buhu, a natse, yadda yake jera fasfo in an tashi aiki.

"Khalas," ya ce, ba da kowa ba. "Ba rabo."

"Haka ya fi, Kamilu," in ji Alhaji Sanusi. "Iskandariya ma ai ruwa ne."

Dije ta ajiye kofinta. Ta zare awarwaro huɗu na hannun dama, ta zare agogo, ta zuba a cinyar Hajiya.

"Riƙe mini."

"Ina za ki?"

Ta cire takalmi. Ta sauke gyale ta ɗaure shi tamau a ƙugu. Rairayin ya ƙone mata tafin ƙafa a taku uku na farko, a na huɗu ƙafar ta tuna yadda ake nutsa yatsu a nemi sanyin ƙasa.

"Malam, bar sandunan nan. Kama wancan bakin."

Ya ɗago. Yanzu ya dube ta.

"Maman Mardiya, ba sai kin..."

"Kama, rana tana tafiya."

Ta ɗebi rairayi ta sake shi a hankali, ta ga inda ya nufa. Suka ja ƙyallen suka juya shi, bayansa ga iska, ƙofa kudu. Tana ƙarama ta ɗauka doka ce ƙofar bukka ta dubi yamma, tunda haka ta ga kowa yana yi. Sai wata damina a wani kwari uwarta ta juya tasu wani wajen, mata suka yi ta magana, da hadari ya taso tasu ce kaɗai ba ta sha ruwa ba. Ba yamma ake bi ba, in ji uwar, iska ake ba baya.

Ta durƙusa a kusurwar farko ta fara tono da hannu biyu, kamar mai neman ruwa a gulbi. Ta wuce rairayi mai zafi, ta wuce mai ɗumi, sai da hannunta ya shige har gwiwa ta iske ƙasa mai sanyi mai nauyi. Ta ɗaura igiya a tsakiyar turke, ta kwantar da shi a gicciye a ƙasan ramin, ta mayar da ƙasa, ta taka da diddige, ta ɗora dutse. Ta ja igiyar da dukan ƙarfinta. Ko motsi.

"Ka gani? Ba a tsaye ake sa shi ba a irin wannan ƙasa. Binne shi ake yi. Je ka yi na can."

Kamilu ya tafi ya durƙusa ya fara tono. Ƙullin da ta yi a igiya ta biyu ba ta san ta san shi ba, yatsunta ne suka yi shi suka gama kafin ta duba. Ta ɗan tsaya tana kallonsa. Da irin wannan ƙullin ake ɗaure ƙwarya a bayan takarkari. Sannan ta wuce kusurwa ta gaba.

Da aka binne turaku shida na wajen iska, ta shiga ƙarƙashin ƙyallen da sandar baya.

"Ranka ya daɗe," ta kira daga ciki, "zo ka riƙe mini wannan."

Alhaji Sanusi, wanda rabon da wani ya aike shi tun yana ƙaramin akawu, ya tashi ya zo ya riƙe sanda, bayan nasa ma ya manta da shi. Dije ta fito ta zagaya gaba. Iska ta kaɗa, ƙyallen ya fara fizga, igiyar gaba tana can kusa da ƙafar Kamilu, ita kuma hannunta biyu a cike.

"Waddu!" ta daka masa tsawa. "Waddu, maza!"

Kawo, ke nan, da Fillanci. Kalmar ta fito da ƙarfi, da irin muryar da ake kiran mutum daga wancan gefen garke, muryar da ba a taɓa ji ba a taron ƙungiyar mata. Kamilu ya miƙo igiyar. Ta ja, ta ɗaure, ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya tana ƙara musu ƙarfi, tana bugun kowace da yatsa ta ji amonta.

Tantin ya tsaya. Iska ta zo ta hau bayansa ta sauka ta wuce. Ta sake zuwa. Ko gezau.

Alhaji Sanusi ya fito, ya zagaya shi sau ɗaya, ya tura shi da tafin hannu, ya ce, "Tamam, ya yi," a hankali, kamar ya sa hannu a takarda.

Hajiya Zulaihatu ta taso, awarwaron a tafinta. Ta dubi tantin, ta dubi ƙafafun Dije, ta dubi atamfar da ta yi buɗu-buɗu har gwiwa.

"Maman Mardiya. A Kaduna ake koyar da wannan?"

Da akwai hanyoyin fita. Tana iya cewa a makaranta aka koya musu, ko a littafi ta gani, Hajiya kuma za ta yi kamar ta yarda. Dije ta karkaɗe hannayenta.

"A rugar ubana na koya, Hajiya. A bukka aka haife ni. Uwata nono take sayarwa."

Hajiya Zulaihatu ta juya awarwaron a tafinta. Ana ganin maganganun da ta yi ɗazu suna dawo mata ɗaya bayan ɗaya, har da saniyar bayan Fijo. Ta dubi mijinta, ya ba ta ƙeya yana nazarin wata igiya.

"Ikon Allah," ta ce daga ƙarshe. Sai kuma ta ɗaure fuska. "Amma wallahi kin cuce ni. Shekara huɗu muna tare, kina kallona ina dama fura da wannan abin na Misirawa mai kama da farar ƙasa, ashe ga mai kindirmo a gefena!"

"Ba ki tambaya ba."

"To na tambaya. Ran Talata. Ni zan kawo madarar."

Ta miƙa mata awarwaron, ba ta haɗa ido da ita ba. Dije ta san kafin Lahadi labarin ya gama gidajen ma'aikata, ya haye har wurin matan ɗalibai a unguwar Hay el-Sabi', kuma ba kowa zai tsaya a kan kindirmo ba. Ta nemi tsoron nan da ta yi shekara talatin da uku tana goyo, ta same shi yana nan, sai dai ya yi ƙanƙanta ƙwarai, har ta ji haushin irin wahalar da ta sha a kansa.

Ta ɗaga labulen ƙofar ta shiga.

Ciki akwai sanyi kaɗan da haske kore. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. Rufin yana daf da kanta, yana numfashi da iska, yana shiga yana fita. Ta yi zaton in ta zauna a irin wannan wuri zuciyarta za ta karye. Sai ta ji bayanta ya saki, wani wuri tsakanin kafaɗu da ba ta san a ɗaure yake ba. Ta kai hannu ta gyara wata kusurwa da ta ɗan tattare.

A waje ta ji Alhaji Sanusi yana cewa, "To shiga mana, Kamilu, ka ga gidanka." Ta ga inuwar mijinta ta matso, ta sunkuya za ta ɗaga labule.

"Dakata, Malam," ta ce.

Inuwar ta tsaya.

"A wurinmu mace ke kafa ɗaki, kuma wadda ta kafa ita ke da shi. Namiji shanu ne nasa. Ɗaki kuwa baƙo ne a ciki, ko shi ya sayo tabarmar."

"Kun ji!" in ji Hajiya Zulaihatu. "Alhaji, ka ji ko? Ashe mu aka bari a baya."

Inuwar ta miƙe. Dije ta ga ta koma wajen mota, ta ji ana karkaɗe tufa. Da ta dawo, da babbar riga ta dawo, da hula. Ta ga ya sunkuya ya cire takalmi ya jera su a gefe. Sannan ya gyara murya, irin gyaran da yake yi a ƙofar ofishin jakada.

"Salamu alaikum, masu gida."

Ta bar shi ya ɗan tsaya. Gidan Kaduna da sunansa aka ba su, na Legas ma haka, na Mohandessin ma haka, da lamba a jikin kowace kujera.

"Wa alaikumus salam. Wane ne?"

"Matafiyi ne. Ana ba da masauki?"

"Ya danganta. Ina matafiyin ya nufa?"

Ya gyara zaman hularsa, ya amsa.

"Arewa. In an yarda."

Ta duba rufin, ta duba ɗinkin da ke gefen ƙofa inda zare ya fara saki, ta ƙiyasta tsawon wurin da ido.

"Waɗannan turakun na wasan yara ne," ta ce. "Gobe ka je wurin maƙera a bayan kasuwar Ataba a yi mana goma sha biyu, dogaye. Da igiya mai kauri, da babbar allura. Kuma can ba rairayi ba ne, ban san ƙasarsu ba, ban san ta inda ruwansu ke zuwa ba. Sai mun je na gani."

Ta ɗaga masa labulen.

"Shigo. Sunkuya sosai, kada ka ture mini sanda."